Ranar da Aka Ce Rakiya Ta Faɗi Sunan Ɗanta

Zainaba, ranar sadakar uwarku ina zaune bayan zana ina tsintar shinkafa na ji ki kina gaya wa matar Isiyaku cewa Yumma, ita uwar taku, ta ba da yayanku ne don a ƙara mata kuɗi. Ba ki san ina ji ba. Kunnen hagu ne ya mutu mini, na dama har yau yana aiki, har ya fi yadda nake so. Ban tanka miki ba a ranar don gida cike yake da baƙi, amma maganar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa zan ajiye muku wannan, ke da Isiyaku, tun ina da sauran numfashi. Lokacin da abin ya faru ke ba ki wuce shekarun wasan ƙasa ba, shi kuwa Isiyaku bai iya ɗaura wandonsa ba. Duk abin da kuka sani a bakin dangin ubanku kuka ji shi, ni kuwa ina wurin.

Ni Hawwa ni ce babba, Rakiya uwarku ce ƙarama, mu biyu iyayenmu suka bari a wannan ƙauye na bakin tur'a, magudanar da ke kai ruwa gonaki. Na yi aure sau biyu, Allah bai ba ni haihuwa ba, na ƙarshen kuma ya rasu ya bar ni da ɗaki ɗaya da kaskon suyar gyaɗa. Da Rakiya ta haifa wa ubanku Adamu ɗan fari, aka sa masa Usmanu, sunan mahaifin Adamu, muka riƙa kiransa Shehu. Ranar da aka yaye shi aka kawo mini shi da 'yar tabarmarsa, aka ce ga naki. Haka ake yi a wurinmu tun kakanninmu da suka taso da niyyar Makka suka tsaya a nan. Ku 'yan yanzu da kuke rungume 'ya'yanku a tsakiyar kasuwa kuna ce musu habibi, ba za ku gane ba. A zamaninmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta kallonsa a gaban mutane. In an tambaye ta ɗan wane ne, sai ta ce ɗan wance ne. Ga shi kuma sunan surukinta ne yaron ya ci, sunan da matar kirki ba ta furtawa ko da wuƙa a wuyanta. Kun ga ƙofar an kulle ta sau biyu ke nan. Kakanninmu sun baro ƙasa da gona da kabarin iyaye, kunyar nan kaɗai suka iso da ita cikakkiya, muka riƙe ta gam, har an ce mun fi mutanen can gida riƙo.

Kada ku ɗauka ba ta son shi. Shekarar da tsargiya ta kama shi saboda wankan tur'a, yana fitsarin jini, Rakiya ta cire 'yan kunnenta na aure ta sayar, ta zo ta tura mini kuɗin ƙarƙashin tabarma ba ta ce na mene ne ba. Ta bi mu har asibiti a Wad Madani, wai tana da sayayya a kasuwa. Ban ga ta sayi ko allura ba. Ƙarƙashin wata bishiya ta wuni a waje, ba ta shiga ba, ba ta ci komai ba, har muka fito. Ta dubi fuskata, ba ta dubi yaron ba, ta gane da sauƙi, sannan ta ce rana ta yi, mu tafi kada mota ta bar mu.

Ubanku ba zan zage shi ba, ubanku ne. Mutum ne mai bakin zuma, aikinsa tara leburori ya kai su yankan riɗi can kudu wajen Abu Hujar, ya karɓi rabonsa a kan kowane kai. Wata shekara ya tafi da mutane, mutanen suka dawo, shi bai dawo ba, sai saƙon saki ya zo a bakin direban lori. Isiyaku yana goye lokacin. Dattawa suka zauna, Adamu ya yi alkawarin dawa da sabulu kowane wata, alkawarin ya bi ruwa. Wata malamar makaranta da ke haya kusa da mu ce ta nuna wa Rakiya hanyar mahkama, kotu ke nan, aka je aka yanke nafaga, wato kuɗin ciyar da yara da uba zai riƙa bayarwa. Ku biyu aka yanka wa. Ba wanda ya ambaci Shehu, don Shehu nawa ne, gyaɗata da godogodo, kunun geron da nake sayarwa a tasha, su ke ciyar da shi, kuma ban taɓa neman taimakon kowa a kansa ba.

Kuɗin yakan zo wani wata, ya ƙi zuwa wani wata, a haka aka lallaɓa. Sai kaya suka fara tashi. Abin da alƙali ya yanke a farko yana sayen buhun dawa har a yi ragi, aka wayi gari ba ya cika kwano uku. A shekarar kuma ruwa ya yi jinkirin shigowa tur'a, auduga ta ƙi, mai gonar audugar da Rakiya ke yi wa tsinta ya ce shi ma ba a biya shi ba. Uwarku ta koma cin ƙanzon tukunya, in kun tambaye ta sai ta ce ta ci a gona. Gashin Isiyaku ya yi ja, cikinsa ya fito, ƙafafunsa suka zama kamar karan dawa. Ke kuwa, Zainaba, kin daina kuka, kina zama a gindin bango kina kallon mutane kawai, kuma wannan ya fi kukan tsorata ni. Abin da nake samu a tasha na raba shi gida biyu, bai ishi ko ɗaya ba.

Da Rakiya ta ce za ta koma mahkama ta nemi ƙari, Baffa Idi, ƙanin mahaifinmu, wanda shi kaɗai ya rage mana a manya, ya ƙi. Ya zauna a kan angarib ɗinsa, gadon igiya, yana ta jan carbi yana faɗin mace ta kai uban 'ya'yanta gaban hukuma sau ɗaya an ce tsautsayi, sau biyu kuwa an ce hali, kuma mu baƙi ne a idon mutanen nan komai daɗewarmu, bai kamata muna kai musu sirrin gida ba. Rakiya ta bar shi ya gama. Ba mai gardama ba ce, ni aka sani da baki.

"Baffa," ta ce, "in kana da dawa ka ba ni, in zamna gida."

Ba shi da ita. Ya juya fuska ga bango, washegari kuma shi ya raka ta.

Hanyar mahkama ba hanyar talaka ba ce. Duk ranar da aka je, an rasa tsintar ranar, an kuma biya mota zuwa da dawowa. A je a ce alƙali ya yi tafiya, a je a ce ba a sami Adamu an ba shi sammaci ba, a je a ce a kawo maza biyu da za su rantse su faɗi abin da yake samu da abin da yara biyu ke ci a wata. Mazan ma sai an biya musu mota an sai musu shayi. Ana cikin haka Adamu ya aiko wa Baffa da saƙo: in ta janye, zai bar komai yadda yake, in ta ƙi, zai karɓi ɗansa. Da na ji, dariya na yi. Mutumin da bai taɓa saya wa yaron ko takalmi ba, wanda in sun haɗu a hanya shi ma sunkuyar da kai yake yi ya wuce, me zai yi da shi? Malamar makarantar ce ta hana ni dariya. Ta ce yaro in ya wuce shekara bakwai uba yana da ikon nemansa, Shehu kuwa ya kusa goma. Sai dai in alƙali ya ga alherin yaron yana wajen uwa, yana iya barinsa. Ta ce komai yana bakin Rakiya, ta tsaya ta ce ɗanta ne, tana son shi, a hannunta da na yayarta yake, yana makaranta, yana lafiya.

Mun zauna mun auna. A janye, Isiyaku ba zai ga wata damina ba, wannan kowa ya gani da idonsa. A ci gaba, ai magana ce kawai za a yi, kuma gaskiya ce. Na riƙa jan Rakiya bakin tur'a in mun je wanki, inda ba kowa, ina cewa ta faɗa in ji. Ta buɗe baki, ta kama farkon sunan, sai dariya ta ƙwace mata, dariyar ta koma kuka. Amma ta ce za ta iya. Ta ce alƙali Balarabe ne, bai san mu ba, ba mu san shi ba, gaban baƙo ba a jin nauyi kamar gaban na gida. Ni ma haka na ɗauka, kuma har yau ina ganin da baƙi kaɗai ne a ɗakin da ta faɗa.

Ubanku ya zauna da ita shekaru, ya san inda za a taɓa ta. Ranar zaman, muna shiga muka tarar da bencin gaba a cike. Ga uwarsa, ga ƙannen ubansa da rawunansu, ga kuma Malam Usmanu kansa, tsohon da ya daina fita ko masallacin Juma'a saboda ido, an ɗauko shi a mota an zaunar da shi da sandarsa daidai inda Rakiya za ta tsaya. Na ga ƙafarta ta tsaya a bakin ƙofa. Ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya kamar tana gidansu, har ɗan sandan ƙofa ya ce mata nan ba wurin gaisuwa ba ne. Ni ina baya riƙe da hannun Shehu, don an ce a zo da shi. Na sa masa kayan makaranta, na shafa masa mai.

Alƙalin saurayi ne, mutumin arewacin ƙasar nan, kuma ba zan ɗora masa mugunta ba. Gajiya na gani a fuskarsa, ga mutane jingim a waje suna jiran nasu. Aka gama maganar ƙari, shaidu suka rantse, sannan Adamu ya miƙe. Larabcinsa ya fi na kowa a cikinmu. Ya ce matar nan ba ta son yaron. Tun yaye ta ba da shi, ba ta taɓa kwana ɗaki ɗaya da shi ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma da ta zo wannan mahkama a karon farko 'ya'ya biyu ta ce tana da su. Ya ce in ƙarya yake a tambaye ta. Abin da ya ƙona mini rai, in aka cire zancen rashin so, babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Shi Bahaushe ne ɗan Bahaushe, shi ma kakarsa ce ta riƙe shi, ya san ma'anar kowane abu da ya lissafa.

Alƙali ya juya ga Rakiya ya tambaye ta 'ya'yanta nawa. Ta sunkuyar da kai. Ya nuna Shehu ya ce wannan ɗanta ne? Ta jawo tob, mayafinta, ta rufe fuska. Ya sassauta murya, ya ce kada ta ji tsoro, ta faɗi sunan yaron kawai. Tsohon nan mai sunan yana zaune, in ta miƙa hannu za ta taɓa rawaninsa. Na ɗaga murya daga baya na ce Usmanu ne, ɗanta ne na cikinta, ni riƙo nake yi. Ɗan sanda ya ce in na ƙara za a fitar da ni, alƙali ya ce ba ni ce mai ƙara ba, uwar yake son ji. Da aka matsa mata, sai bakinta ya ba da amsar da ya saba bayarwa shekara da shekaru ga duk wanda ya tambaya a rijiya ko a gidan biki.

"Ɗan yayata ne."

Alƙali ya ajiye alƙalami ya dube ta. Ya sake ba ta dama, wannan zan shaide shi ko a gaban Allah. Ya ce tana so yaron ya zauna a wajenta ko a ba ubansa? A al'adarmu, mace ta ce tana son ɗan fari a gaban surukai, daidai yake da ta tuɓe a kasuwa. Muryarta da ƙyar ta kai wurina.

"Abin da manya sunka gani."

Baffa Idi ya nemi izini ya tashi zai yi bayani. Larabcinsa na cinikin albasa ne, ya ce kunya ce, ya ce haka muke, ya rasa yadda zai ƙara. Alƙali ya ce ba a jin kunya a kan haƙƙi, kuma ya tambayi uwa sau uku da bakinsa. Ya tambaye ni sana'ata, na ce tiren gyaɗa a tasha. Adamu ya ce yana da gida a kudu, ga makaranta kusa. Nan take aka yanke: an ƙara nafagar yara biyu, babban kuma a miƙa shi ga ubansa. Garin neman gira muka rasa ido. Tsohon, Malam Usmanu, da ake fita da shi na ji yana tambayar ɗan'uwansa me aka ce, don bai ma san abin da aka kawo shi yi ba.

Shehu bai yi kuka ba, ba a ɗakin ba, ba a mota ba. Sai da muka sauka muka kama hanyar gefen tur'a, Rakiya tana can gaba ita kaɗai, sannan ya ja mini tob.

"Inna, ita ba ta san sunana ba ne?"

Na tsuguna na yi masa bayanin duk abin da na yi muku a sama, har 'yan kunne na gaya masa. Ya saurara har na gama, ya ce to. Yaro ɗan shekara goma ya tsaya a gaban mutane an tambayi uwarsa ko nata ne ta ce a'a, wane bayani ne zai shiga bayan wannan?

Da lorin leburori Adamu ya zo ɗaukarsa, da hantsi, unguwa duk ta fito. Na ɗaure masa kayansa da ƙullin gyaɗa. Rakiya ba ta fito ba, kuma dangin ubanku sun riƙe wannan suna yawo da shi har ya iso kunnenku. Ni na shiga ɗakin bayan motar ta tashi. Na same ta kwance a ƙasa ta cusa zani a baki don kada ku ji, ta ciji hannunta har jini. Mun nemi ɗaukaka ƙara, aka ce akwai wa'adi, damina ta yanke hanya, kafin mu haɗa kuɗin lauya wa'adin ya wuce. Ƙarin ya zo na 'yan watanni. Ta karɓa ta sayi dawa da madara, Isiyaku ya tashi, gashinsa ya koma baƙi, ke kika dawo da kukanki da rashin jinki. Kun ci, kun rayu, wannan ma ku sani. Bayan haka kaya suka sake tashi, Adamu ya nausa kudu aka daina jin ɗuriyarsa, kuma uwarku ba ta sake taka ƙofar mahkama ba har ta mutu.

Makarantar da aka yi wa alƙali alkawari, Shehu bai gan ta ba. Leburorin da ke dawowa sun ce yana ɗebo wa masu yankan riɗi ruwa, daga baya aka ce ya zama yaron mota. Na je Abu Hujar sau ɗaya da ƙafata, na bi tasha, na bi bakin kogi, aka ce sun yi gaba wajen Damazin, wani ya ce sun wuce nan ma. Kuɗin motar komawa kaɗai ya rage mini, na dawo. Ɗakina ya yi mini faɗi. Ni da ban haifa ba, na san abin da ake ji in an rasa ɗa, kuma ba ni da ko damar a yi mini jaje, don a takarda ni ba kowa ba ce. Rakiya kuwa ta zama mai shiru, tana aiki, tana salla, tana tsefe miki kai, amma ban ƙara jin ta yi dariya har haƙori ya fito ba.

Ya zo sau ɗaya. Ba ku sani ba, don ta hana ni faɗa. Ke kina ɗakin mijinki lokacin, Isiyaku yana aiki a Madani. Bayan azahar ne, uwarku tana ƙofar gida tana yanka kuɓewar shanya, mata suna layi a famfo. Wata babbar lori ta tsaya a bakin hanya, wani mutum mai gemu ya sauko. Tun daga nesa ta gane tafiyarsa. Ina cikin ɗaki na ji muryarta, da ƙarfi, yadda duk matan famfo suka juyo.

"Usmanu."

Na fito da gudu ba ɗankwali. Tana tsaye, wuƙar tana hannunta, kuɓewa ta zube a ƙasa. Ya tsaya ya dube ta. Ya amsa da Larabci, cikin ladabi, yadda ake amsa wa tsohuwar da aka tarar a hanya.

"Sannu, Hajja. Gidan Hawwa nake nema."

Ta ɗaga hannu ta nuna masa ƙofata.

Ya zauna a wurina, ya sha godogodo, ya ba ni sabon tob. Hausa ta fita daga bakinsa, sai "Inna" kaɗai ta rage. Ya ce yana da mata da 'ya'ya a can wajen iyaka, ubansa ya rasu. Na roƙe shi, na kama gemunsa, na ce ya taka ya shiga wajenta ko da tsayuwa ce. Ya ce ai ya gaishe ta. Kafin la'asar ya ce kaya ne a motar, ba nasa ba ne, ya tashi. Da ya fito ba ta ƙofar gida, ya wuce bai waiwaya ba.

Bayan ƙarar motar ta ɓace ta shigo ɗakina ta zauna a inda ya zauna. Na yi zaton za ta tambaye ni abin da ya ce, ko yana da 'ya'ya, ko zai dawo. Ba ta tambayi ko ɗaya ba.

"Yaya," ta ce, "na hwaɗe shi daidai?"

Na ce mata daidai ta faɗa. Ta gyaɗa kai, ta tashi ta koma ta tsince kuɓewarta daga ƙasa. Bai sake zuwa ba, kuma da ta rasu ban san inda zan aika a gaya masa ba.